Tukunyar Motar Alhaji Sirajo

Kafin Abu mai bin sawu ya iso rumfunan albasa da ke bayan garin Gwandu, jama'a sun riga sun tattake wurin tas. Ya tsaya nesa kaɗan, ya dogara sanda, ya dubi ƙasa. Sawun silifa, sawun babur, sawun jaki, sawun masu talla. Ya ja tsaki mai tsawo.

"Wa yac ce ku kewaye mota kamar ana dambe?"

Aka buɗa masa hanya.

Abu tsoho ne dogo, busasshe, ba ya dariya sai da dalili. Rayuwarsa duka a bin sawun shanun sata ta ƙare, daga fadamun Maruda har bakin iyaka. Bai taɓa bin sawun ƙarfe ba, kuma bai so ya fara yau ba. Alhaji Sirajo mai albasa ne ya aika a kira shi.

Alhaji na tsaye a gefen motarsa, hula a ƙeya, gumi na zuba. Babbar mota ce fara, 'yar Kwatano, wadda ake labarinta a garin don ba ta hayaƙi. Yanzu gefenta ɗaya ya yi baƙi ƙirin.

"Baba Abu, ka ga abin da anka yi min?"

"Mutane nika gani. Faɗa min."

Alhaji ya faɗa. A ƙarƙashin motar akwai wata tukunyar ƙarfe a jikin salansa, wato bututun hayaƙi, girmanta ya kai tulu, ita ke tace hayaƙi kafin ya fita. 'Yan gwangwan na nemanta ido rufe, wai akwai ƙarfe mai daraja a cikinta. Da safen nan ya zo da kansa ya tayar da motar, don za a yi lodin albasa zuwa Kudu. Sai ta yi wani irin ruri, ta turnuƙe shi da baƙin hayaƙi. Da aka leƙa, babu tukunya, sai bakin bututu a buɗe.

"Ɓarawon shina hannu," in ji Alhaji. "Ba shi nika so ka nemo ba. Inda ya ɓoye ta nika so."

"Wa kunka kama?"

Shamsu ne ya amsa, shugaban 'yan banga, wani ƙato da ya yi shekaru yana yaron mota kafin ya ɗauki gora.

"Isa, Bafulatanin rugar Malisa. Gaban mutane na tambaye shi, ya amsa da bakinsa. Mun birkice rugar ba mu gan ta ba. In bai fito da ita gobe ba, 'yan sanda za su karɓe shi. Mutanen Malisa kuma sun ce shanun rugar sun gama shan ruwa a rijiyarsu."

Abu ya san Isa. Ya san ubansa ma, sun sha bin sawu tare kafin ya rasu. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Wa yas shiga nan?"

"Ba kowa. Leƙawa anka yi," in ji Alhaji.

Yashin ƙarƙashin a kwance yake lumui, ban da daidai bakin bututu inda hayaƙin safe ya yi baƙi. Ga 'yan ramukan nan da kurkudu ke tonawa a yashi, birjik, ko ɗaya bai rushe ba. Babu shaidar baya, babu ta gwiwar hannu.

"Ba nan anka kwance ta ba," in ji Abu. "Ba wanda yak kwanta ga wanga yashi."

Shamsu ya yi dariya. "Baba, ɓarawo ai share sawu yake. Ƙwaron kuma kafin gari ya waye ya sake gininsa."

Abin haushin shi ne Abu ya san hakan na iya yiwuwa. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa.

"Ina direba?"

Direban shi ne Adamu, ɗan ƙanwar Alhaji, saurayi mai son guga da turare. Ya ce jiya ya kai albasa Kalgo. Da zai dawo ya rage wa Isa hanya a bayan mota, ya sauke shi a mararrabar Malisa, ya zo ya ajiye mota nan kafin magariba.

"Lafiya lau?"

"Lafiya lau, Baba. Ko tari ba ta yi ba. Sai dai shi Isan, kafin mu taso, ya yi ta tambayata kan motar. Wannan mene ne, wancan mene ne."

Jama'a suka gyaɗa kai. Abu ya dube shi ɗan lokaci, ya juya.

* * *

Maigadin rumfunan, Jibrin, sa'an Abu ne, kunnensa ya daɗe da yin nauyi. Yana zaune a gindin darbejiya yana gyaran ƙotar fartanya.

"Jibrin, ka ji shigowar mota jiya?"

"Goro? Ban da shi, wallahi."

"Mota!"

"A'a, to ka faɗa mana. Na gan ta dai. Ji kam sai mai kunne."

"Ka ga wani ya raɓe ta?"

Jibrin ya ajiye fartanya, ya yi ƙasa da murya, wanda a wurinsa ihu ne. Ya ce ya ga wani ɗan gwangwan da amalanke yana shawagi da yamma, yana leƙe-leƙe. Baƙo ne. Ga inda ya bi.

Wannan kam sawu ne da Abu ya iya. Tayar amalanken ta hagu tana da faci, tana barin tambari a ƙasa duk juyi. Ya bi shi cikin zafin rana, ta bayan makarantar firamare, ta kwalbati, har bayan tasha. Ya tarar da mai amalanken yana barci a inuwar kayansa. Ya tashe shi, ya sa shi ya zazzage komai. Tsofaffin kwanoni, ƙafar keken ɗinki, murfin rijiya da ya ci tsatsa. Babu tukunya. Mutumin ko sifana ba shi da ita.

Hantsi ya tafi a banza. Abu ya zagi Jibrin a zuci, ya zagi kansa.

* * *

Ofishin 'yan banga shago ne guda mai ƙofar langa-langa. Isa na zaune a ƙasa, hannu ɗaure da igiyar rawaya, leɓensa a kumbure. Takalmansa na roba suna waje bakin ƙofa. Shamsu ya tsaya a kansu da gora.

"Isa, ka san ni?"

"Na san ka, Baffa."

"Kai kad ɗauka?"

Isa ya dubi bango. "Na riga na faɗa musu. Abin da na ɗauka nawa ne. Da hannuna na saya a Kalgo."

"Ka ji ko?" in ji Shamsu. "Har cewa yake nasa ne."

"Mi kas saya? Faɗa min da bakinka."

Isa ya ɗago ya dubi Shamsu, ya dubi gorar, ya mayar da kai. Fulako ya motsa. Mutumin da aka mara a gaban jama'a ba zai sake buɗe baki ya kare kansa a gaban wanda ya mare shi ba, ko da kashe shi za a yi. Abu ya sani.

"Shamsu, ba mu wuri."

"Ba na barin mai laifi da kowa, Baba. Doka ce."

"Dokar wa?"

"Tamu."

Abu ya ƙara tambaya, ya ƙara. Isa ya zama dutse. Tsohon ya fita yana huci. Ɗaya ya ƙi matsawa, ɗaya ya ƙi magana, kuma gobe na zuwa.

* * *

Ya hau kabu-kabu zuwa mararrabar Malisa. Ya sallami mai babur tun daga nesa, kada ya ƙara ɓata masa ƙasa.

Nan mutane ba su da yawa. Ga inda babbar mota ta sauka daga kwalta ta tsaya a yashi, tayoyin baya bibbiyu, zanensu ɗaya da na motar Alhaji. Abu ya bi gefen sawun a hankali. Sai ya tsaya cak.

Tsakanin tayar gaba da ta baya, ta hannun dama, yashi ya yi baƙi, faɗin faifai. Ya dangwala da yatsa. Kunkunniya ce mai maiƙo, mai warin gas, irin wadda ya gani da safe a ƙarƙashin motar. A tsakiyar baƙin kuwa ga sawun takalmin roba, ya danne kunkunniyar cikin yashi. Daga nan sawun ya nufi hanyar ruga, taku na farko da baƙi sosai, na biyu kaɗan, sannan ya washe.

Abu ya tsuguna ya daɗe. Motar ba ta sake zuwa nan ba tun jiya da yamma. Baƙin ne a ƙasa, ƙafa a sama. Lokacin da Isa ya diro daga motar, ta riga ta fara aman hayaƙi ta ciki.

Ya sassaro ƙaya, ya kewaye wurin. Sannan ya bi sawun har ruga.

Rugar kamar an yi yaƙi. An zubar da buhunan gero, an kwance shimfiɗu, an fasa ƙwarya. Shanu na tsaye suna kuka, ba su sha ruwa ba. Hajjo, uwar Isa, tana tsince geron daga ƙasa da faifai. Isa ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa.

"Baffa, sun ce wancan ɓarawo ne."

"Na ji. Mi yaz zo da shi jiya?"

"Gishirin shanu. Maganin tsutsa. Da kwalin indomi na yara, sun dame shi da roƙo tun kaka." Ta nuna da baki. Kwalin na gefe, an buɗe shi an ture. "Sun duba har cikinsa. Ban san abin da suke nema ba. Ba wanda ya faɗa min."

"Ba wani ƙarfe?"

"Ƙarfen me? Mu da ko keke ba mu da shi."

Abu ya ce ta sa a tsare ƙayar da ya kafa a mararraba, kada dabba ta taka. Ya kama hanya. Ya san yanzu Isa bai kwance tukunya ba. Abin da ya kasa ganewa shi ne dalilin da zai sa mutum mai hankali ya amsa laifin da bai yi ba.

* * *

La'asar ta yi masa a Kalgo. A tasha ya tambayi wanda ke taɓa motar Alhaji Sirajo in ta zo, aka nuna masa garejin Muzzammil. Tun daga bakin garejin ya ga abin da ya zo nema. Ƙasa duk tabon baƙi, faifai-faifai, tsoho da sabo.

Muzzammil gajere ne mai surutu, hannu duk baƙin mai. Ya ba tsohon benci, ya aika a kawo ruwa. Abu bai ambaci sata ba. Ya ce shi dai yana mamaki ne, motocin da ke shigowa ba hayaƙi, bayan 'yan watanni sai ka gan su suna turnuƙe gari.

"Ai mu ke yi musu aiki, Baba," in ji Muzzammil da fara'a. "Motocin nan an ƙera su ne don ƙasar da man gas ɗinta yake garau kamar ruwan sama. Namu kuwa rabi gas, rabi kananzir, rabi Allah kaɗai ya sani."

"Rabi ukku kenan."

"To ka gani. Sai indomin ya toshe. Mota ta shaƙe, fitila ta kama a gaban direba, ta koma tafiyar jaki. Ka taka har ƙasa, ba ta motsi. Magani ɗaya ne, a cire."

Abu ya ajiye kofin ruwa.

"Mi kac ce ya toshe?"

"Indomi."

"Abincin yara?"

Muzzammil ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. Ya shiga shago ya fito da wani gutsuren abu mai kama da busasshen yumɓu, duk jikinsa 'yan ƙananan ƙofofi a jere.

"Ga shi. Shi ne a cikin tukunyar. Dube shi da kyau, bai yi kama da indomin da ba a dafa ba? Haka duk mai harkar mota ke ce masa. Bakanike, direba, yaron mota, kowa."

Yaron mota. Abu ya rufe ido. Ya ga Shamsu tsaye da gora a gaban jama'a, ya ga kwalin da aka ture a ruga.

"Doka ta yarda da wanga aiki?"

"Can inda aka ƙera su an ce babban laifi ne. Nan kuwa ka tambayi jami'i ɗaya ya ce akwai doka, ka tambayi wani ya ce bai taɓa ji ba. Abin da na sani, in mota ta cika hayaƙi ana tare ta a hanya, direba ya yi ta ba da haƙuri."

"Riba mi, to?"

"Tana gudu."

"Mu da ke shaƙa fa?"

Muzzammil ya ɗaga kafaɗa. "Ni ba likita ba ne, Baba."

"Jiya ka cire na motar Alhaji Sirajo."

Fara'ar ta ɗauke. "Ni ba na faɗin aikin mutane."

"Kar ka faɗa. Ni in faɗa maka. Akwai mutum ɗaure a Gwandu, an fasa mai baki, an birkice gidan uwarsa, shanunsu ba su sha ruwa ba. An ce shi yas sace abin da kac cire. Gobe za a ba da shi ga 'yan sanda."

Muzzammil ya zauna a kan tsohuwar taya. Ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa.

"Adamu ce min ya yi Alhaji ya sani. Wallahi haka ya ce. Da an bar mu da wuta ma da na yi masa waldar bututu a wurin, ba mai ganewa da ido. Aka ɗauke. Na ce ya dawo."

"Ina tukunyar?"

"'Yan gwangwan sun ɗauka tun jiya. Yanzu kam an farfasa."

"Gobe da safe kana Gwandu. In ba ka zo ba, ni zan zo, kuma ba ni kaɗai ba."

* * *

Washegari ranar kasuwa ce. Aka taru a zauren Alhaji Sirajo. Alhaji na kan kujera, Adamu a gefensa, Shamsu a bakin ƙofa. Isa na ƙasa da igiyarsa. Hajjo ta tsaya daga waje da kwali a ka. Muzzammil kuwa Abu ya bar shi a shagon mai shayi, ya ce kada ya shigo sai an kira shi.

"Ka samo ta?" in ji Alhaji.

"Za ka ji. Shamsu, maimaita tambayar da kay yi wa Isa. Yadda kaf faɗe ta, kar ka gyara."

"Cewa na yi, kai ka ɗauki indomi a motar Alhaji? Ya ce e. Na ce ina yake? Ya ce yana gida, nasa ne."

"Hajjo, shigo da shi."

Ta shigo ta ajiye kwalin a tsakiyar zaure. Sai wani daga cikin masu leƙe ta taga ya fashe da dariya, wasu suka bi. Abu ya buga sanda a ƙasa.

"Ba abin dariya ba na! Ga indomin da yad ɗauka. Shi kaɗai ya sani. Mutumin da ya tashi cikin shanu, ina zai san kuna kiran cikin salansa da sunan abinci?"

Isa ya ɗago kai karo na farko. Ya dubi kwalin, ya dubi Shamsu.

"Wayo ne," in ji Shamsu, amma muryarsa ta ragu. "Zai iya ɗaukar kwali da yamma, ya dawo ya kwance tukunya."

"Ɗauko takalmansa," in ji Abu.

Aka ɗauko su daga ofishin 'yan banga. Abu ya kifa na dama. A cikin zanen tafin, baƙin maiƙo na nan maƙale.

"Mararrabar Malisa, inda anka sauke shi, akwai kunkunniyar mota a ƙasa, sawun wanga takalmi a kanta. A kanta, ba ƙarƙashi ba. Na kewaye wurin da ƙaya, mai shakka ya tashi mu tafi." Ya juya ga Adamu. "Kai kac ce ko tari ba ta yi ba. Motar da tukunyarta ke jiki ba ta baƙanta yashi. To hayaƙin wa Isa ya taka?"

"Motoci da yawa na tsayawa a wurin, Baba."

"Da tayarka?"

Abu ya leƙa waje ya ɗaga sanda. Da Muzzammil ya sako kai cikin zauren, Adamu ya zame daga benci ya durƙusa a gaban Alhaji.

"Kawu, ka yi min rai. Tun daga hanya ta shaƙe. Lodi a kai, rana na dukan albasa, ina tafiya masu keke na wuce ni. Ka hana kowa ya taɓa ta, ka ce wanda ya sayar maka ya gargaɗe ka. Na ce in an yi walda ba za ka gane ba. Da ka tayar da ita da kanka, na ji tsoronka. Amma ni ban ce Isa ya sata ba. Cewa na yi ya yi tambaya."

"Ka nuna musu hanya," in ji Abu. "Su kuma sunka ruga."

Alhaji ya cire hula ya mayar. Ya zagi Adamu, ya zagi ranar da ya ba shi makulli. Sannan ya juya ga bakanike.

"Kai, za a iya mayar da ita?"

"An fasa, Alhaji. Sabuwa kuwa sai an aiko daga Legas, kuma da man nan namu za ta sake toshewa. Ni a ganina ka huta. A yi walda, a gyara mata kwamfuta, ta yi ta aiki."

"Hutawa? Kudu za ta! Kowane shinge sai an tare ta don hayaƙi. In na tashi sayarwa kuma a ce min an taɓa ta."

"Duk motocin da ke zuwa Kudu haka suke."

"An ce akwai doka."

"Wa ya ce?" in ji Shamsu. "Lokacin da nake mota ba mu taɓa jin ta ba."

"Lokacinka motocin ba su da indomi," in ji Muzzammil.

Musu ya kaure. Masu leƙe ta taga suka sa baki. Wani ya ce motar ƙaninsa ta fi shan mai bayan an cire, wani ya ce ƙarya ne, raguwa take yi. Wani ya ce hayaƙin ne ya sa wa matarsa tari a shagonta na bakin tasha, aka ce masa ai tari daga Allah ne. Adamu ma daga durƙuson ya ɗago ya ce gaskiya da aka cire, kamar an sake ta daga mari.

Abu na tsaye yana kallonsu. Isa na ƙasa, igiya a hannu, ba wanda ya tuna da shi.

Tsohon ya zaro wuƙa daga ɗamara, ya sunkuya ya yanke igiyar. Ƙarar faɗuwarta ce ta sa aka yi shiru.

"Af," in ji Alhaji. "Isa, ka yi haƙuri. Kuskure anka yi. Tun da ba sata ba ce, gyara ne yaro ya yi ba da izini ba, to magana ta mutu. Ta gida ce. Kar ta fita zauren nan."

Isa ya sa takalmansa. Hajjo ce ta yi magana, idonta a ƙasa.

"Ta cikin kasuwa aka bi da shi a ɗaure. Yara na binsa."

"Ka ji," in ji Abu. "A kasuwa anka ce ɓarawo. A kasuwa za a warware. Ka sa sankira ya kewaya yau, mutanen Malisa duk suna ciki. In ba su ji da kunnensu ba, ba za su buɗe rijiya ba."

"Baba, ɗan ƙanwata ne. In sa a yi shelarsa a kasuwa? Da wane ido zan dubi uwarsa?"

"Da wanda kad dubi wagga." Ya nuna Hajjo.

"Ba zan yi ba. A hankali kowa zai ji."

"Shamsu, kai fa? Kai kaj ja shi."

Shamsu ya ce shi aikinsa kamu ne, shela ba aikinsa ba ce.

Abu ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya mayar da wuƙa kube, ya fita.

* * *

Kasuwa ta cika. Abu bai taɓa ɗaga murya a kasuwa ba tun da yake. Ko ciniki ba ya ja, ya faɗi abin da zai biya, in an ƙi ya wuce. Shela aikin maroƙa ne, kuma a zuriyarsu ba maroƙi.

Ya isa layin 'yan albasa. Ya taka buhu ɗaya, ya hau na biyu. Mai albasar ya buɗe baki zai yi magana, ya ga ko wane ne, ya rufe.

"Jama'a!"

Injin niƙa na ruri a gefe, ba wanda ya juyo. Ya karɓi tasar awo daga hannun mai albasa, ya shiga dukanta da sanda har mutane suka fara juyowa.

"Jama'a, ku saurara! Isa na rugar Malisa bai saci komi ba! Direban motar shi yak kai ta Kalgo anka cire tukunya! Abincin yara Isa yad ɗauka, da guminsa yas saya! Mutanen Malisa, ku buɗe rijiya!"

"In ji wa?" wani ya tambaya daga baya.

"In ji ni, Abu!"

Wasu suka tsaya. Wani dattijo daga Malisa ya sunkuyar da kai, ya ja ɗan'uwansa gefe suna magana. Wasu suka yi dariya, wai tsoho ya koma sankira. Da yawa kuwa ko waiwaye ba su yi ba, suna ta taya albasa.

Abu ya sauko da ƙyar. Mai albasa ya miƙo hannu zai karɓi tasarsa, tsohon ya hana.

"Zan maido maka."

Ya nufi layin 'yan hatsi, ya nemi buhun da zai hau, ya sake farawa daga farko.